Yadda Na Wanke Kifin Dutse

Har abada ba zan manta da Talatar da na kunyata kaina, na haɗa da ajinmu da malaminmu a lokaci guda ba.

Ina aji na biyu a kolej nan Filinge. Ni ce yarinyar da ke zama can baya jikin taga, wadda ko kiran suna ake yi sai maƙwabciyata ta amsa mini. Ba na magana, amma ina kallo. Kallon ne ya sa na lura da wani farin dutse cikin tulin da babbar mota ta kawo daga can wajen Tawa don ginin gidan maƙwabcinmu. A jikinsa akwai kifi kwance, tsawon yatsana, launin ƙasa-ƙasa, ƙayoyinsa sirara kamar haƙoran mataji. Na samu wasu gutsattsari huɗu, amma shi kaɗai ne mai kai da wutsiya.

Sai da na yi mako ina yawo da shi cikin jaka kafin na iya tura shi kan teburin Mushe, kamar yadda muke kiran malaminmu na kimiyya da Faransanci. Ya cire tabarau, ya mayar. Ya ce ƙasar nan da muke noman hatsi muna roƙon ruwa, a da teku ce ta rufe wani sashenta, kifin nan kuma ya kwanta cikin laka miliyoyin shekaru har lakar ta zama dutse. Ya ce babban baƙo na zuwa daga Yamai duba makarantu, ni zan nuna masa da hannuna. (Na so ƙasa ta tsage, amma a raina na ji daɗi. Karon farko ke nan da wani malami ya san sunana ba da takarda ba.)

Makaranta ta shiga shiri. Aka shafa wa itatuwa farar ƙasa har gwiwa, aka aro bencuna, aka ɓoye allon da ya tsage. Da na ga kowa na gyara, sai na dubi kifina na ga duk ƙura. A gidanmu kuwa ba a miƙa wa baƙo abu da dauɗa. Inna kan ce, “Ɗiya mace daga gindin tukunyarta ake gane ta.”

Da safen ranar zuwan baƙo na zauna bakin randa na yi masa irin wankin da nake wa tukunya: toka, yashi, soson ƙarfe, na kuma matse lemun tsami don ya yi ƙyalli. Da ya fara kumfa sai na ce dauɗa ce ke fita, na ƙara ƙarfi. Da yake a jiƙe duk ya yi duhu, na ce in ya bushe kifin zai fito ras. Na sa shi a kwanon baƙi na Inna, na rufe da faifai.

Baƙo ya zo da babbar riga. Mushe ya yi jawabi mai tsawo da Faransanci kan teku, har yana kwatanta igiyar ruwa da hannu. Sannan ya kira ni. Na durƙusa, na miƙa kwano, baƙo ya ɗaga faifai.

Farin dutse, sumul kamar ƙwai.

Shugaban makaranta ya leƙa, ya yi gyaran murya. “Ga shi nan, ranka shi daɗe. In an karkata shi wajen haske ana ganin wutsiya.” Yana nuna sawun soson ƙarfena.

Baƙo ya karkata, ya juya, ya kai hanci. “Ɗiyata, wannan lemu nake ji?”

“I.”

“Mi kika yi mai?”

“Na wanke shi.”

“Da mi?”

Na lissafa masa, ban bar ko ɗaya ba, da muryar da ajinmu bai taɓa ji ba. Mushe ya zauna kan benci a hankali kamar mai ciwon baya. Daga baya Hadiza, mai bakin ajinmu, ta ce, “Teku ta ƙafe ya tsira, sai da ya faɗo hannun ’yar gidan tsabta.”

Aji ya fashe. Baƙo ya yi ta dariya har yana share hawaye, ya ce da ma’aikatansa na aiki da irin wannan himma da an huta. Shugaba ya yi dariya shi ma, amma sai da ya tabbata baƙo ya fara.

Mushe bai zage ni ba, wanda ya fi zagi ciwo. Washegari ya karɓi gutsattsarin nan huɗu ya kulle a kabad, ya ce in ina son ganinsu in zo hannuwana a baya. Har yau in na ratsa kasuwa sai wata ta ce, “Mai wankin kifi, an samu na wankewa?”

Abin da na koya kaɗan ne: kafin ka cire wa abu dauɗa, tambaya ko dauɗar ce aka zo gani.