Kibiyar Injiniya Haladu

Ina neman afuwa tun farko, domin da girmana na koyi riƙe alƙalami, hannuna bai gama faɗawa ba.

Wani mutum ne ana kiransa Injiniya Haladu, ko da yake shi ya raɗa wa kansa injiniyancin. Walda yake yi a masana'antar Alhaji Mamuda, inda ake ƙera injin ɓarar gyaɗa. Baki gare shi kamar rediyo.

Rannan Alhaji ya ce ya gaji da zane a bayan kwali. Zai sa manhajar zanen injina a kwamfuta, wanda ya zaɓo ta kuma ya iya ta, shi ne shugaban zane, da ofishinsa mai fanka.

Haladu ya daki ƙirji, tim! "Ranka ya daɗe, manhajojin nan duk a tafin hannuna suke. Wadda zan kawo maka, injin jirgin sama ma na zana da ita."

Alhali ko kunna ta bai iya ba. Sai ya samo bidiyon wani gwani yana zane, ya kashe sautin, ya haddace motsin.

Ranar gwaji ma'aikata suka cika ofis maƙil. Haladu ya saki bidiyo a ɓoye, ya kama linzamin kwamfuta yana murzawa. 'Yar kibiyar da ke fuskar kwamfuta tana yawo, zane yana fitowa, ƙarfe yana hawa kan ƙarfe.

Ma'aikata suka ce, "Kai, Injiniya!"

"Ai ba ku ga komai ba. Da hagu ma nake yi, don kada in firgita ku."

Kwatsam sai ga Baba Sallau, tsohon maƙerin da ya koya wa Alhaji kansa sana'a, ya yi sallama. Kowa ya miƙe. Haladu ma zumbur, ya rusuna, ya ba da hannu biyu. Baba kuwa ba ya gajeriyar gaisuwa. Ya tambayi gida, ya tambayi yara, ya tambayi ciwon ƙafar gyatuma, bai saki hannu ba.

Kibiya tana can tana aiki, har ta huda rami huɗu ta ɗaura noti.

Gumi ya karyo wa Haladu, shar!

Baba ya leƙa fuskar kwamfuta, ya dubi hannayen da ke cikin nasa. "Mamuda, wane ne ke zanen nan?"

Alhaji ya ce, "Shugaban zane ne, Baba. Ga shi can yana aiki. Haladu, matsa ka ba kibiya kujerarta, walda na jiranka."

Inda na yi kuskure, masu ilimi su taimaka su gyara mini.