Yadda Za Ka Sayar Da Keken Ɗinkin Yayarka A Gwanjon Intanet, Ka Kuma Saye Shi Da Kanka

Ɗan'uwa, in ka bi matakan nan ba tare da ka tsallake ko ɗaya ba, na yi maka alkawarin abu biyu: kayanka zai sayu da tsada, kuma sunanka zai ɗaukaka a dangi. Na jarraba da kaina, shi ya sa yanzu a ƙafa nake zuwa aiki.

Mataki na ɗaya: Hana cinikin da ya riga ya faɗa

Ka samu yaya wadda take son sayar da tsohon keken ɗinkinta don ta cika kuɗi ta sayi na lantarki, mai shago ya ce zai ajiye mata shi zuwa ƙarshen wata kawai. Telan bakin layi ya taya dubu tamanin, kuɗi a hannu, tana shirin sallamawa. A nan za ka shigo. Ka yi dariya irin ta wanda ya san duniya, ka ce mata cutarta za a yi, a intanet mutum dubu ne za su yi rububin keken nan. In ta tambayi nawa ake biyan masu shafin gwanjon, ka ce kyauta ne. Kada ka duba tukuna, mai ilimi ba ya dubawa.

Mataki na biyu: Kada ka karanta sharuɗɗa

Shafin zai kawo maka rubutu ƙanana kamar tururuwa, shafi goma sha biyar. Ka danna "na yarda". A ciki ne aka bayyana cewa kafa tallar kyauta ce, amma hoto na biyu da kuɗi, rubutu mai kauri da kuɗi, in kana son kayanka ya fito a sama inda ido zai gan shi, da kuɗi. Har cewa ba za ka sayar ƙasa da kaza ba, ita ma da kuɗinta. Ka biya duka. Ai ƙanana ne, kuma dillalin da ba ya gumi, ba ya shan rana, shi ma yana da iyali.

Mataki na uku: Ka tara 'yan kallo

Ka tura wa Yaya adireshin tallar a wayar 'yarta domin ta riƙa ganin farashi yana hawa da idonta. Ka tura wa zauren dangi ma. Wannan matakin shi zai toshe maka duk wata ƙofar gudu nan gaba, don haka kada ka yi wasa da shi.

Mataki na huɗu: Taimaka wa kasuwa

Kwana shida za su wuce, tayi ya tsaya a dubu saba'in, daga wani baƙo guda ɗaya tak. Yaya za ta fara kiranka tana gaishe ka gaisuwar da ba ta lafiya ba. Kada ka karaya. Ka ari wayar matarka, ka ce za ka duba mata wani abu, ka buɗe sabon suna ka taya tamanin da biyar. Baƙon zai ce casa'in. Ka ce ɗari. Zai ce ɗari da biyar, saura minti uku a rufe.

Mai hankali a nan yake tsayawa, ya ci riba, ya yi hamdala. Amma kai ba don hankali ka zo ba. Ka ce wa kanka wanda ya iya ɗari da biyar zai iya ɗari da talatin. Ka danna ɗari da ashirin, ka zuba wa wayar ido. Baƙon ya tafi cin abincin rana, kuma ba zai dawo ba har abada.

Mataki na biyar: Karɓi barka

Wayoyi biyu za su yi ƙara a hannunka lokaci ɗaya, ɗaya tana taya ka murnar sayarwa, ɗaya tana taya ka murnar saye. Kafin ka haɗiye yawu Yaya ta kira tana guɗa. Ka yi tunanin sokewa in kana so, sharuɗɗan da ba ka karanta ba sun ce ko an fasa, la'adar masu shafin tana nan, kuma dangi duk sun ga ɗari da ashirin. Matarka za ta karɓi wayarta ta karanta saƙon sau biyu, ta dube ka, ta ce: "Maigida, ashe keke ka saya min? To ni ko maɓalli ban iya dasawa ba." 

Mataki na shida: Fahimtar la'ada

Yanzu ne za ka koyi abin da ka zo koya. Ka sayar da babur ɗinka, ka biya kuɗin keken ta shafin, har da kuɗin aika shi daga gidan Yaya zuwa gidanka, tafiyar minti goma. Masu shafin za su cire kashi goma sha uku cikin ɗari, ba daga kuɗin keken kawai ba, har daga kuɗin aikawar. Sai kason tallatawa, tunda a cewarsu tallarsu ce ta kawo maka mai saye, wato kai. Sai kuɗin fitar da kuɗinka zuwa banki. Abin da ya rage ka cike shi daga aljihu ya koma ɗari da ashirin cif, domin da bakinka ka ce kyauta ne.

Mataki na bakwai: Aika kaya

Ka ɗaure keken a kwali a gaban Yaya, ka rubuta adireshin ƙarya da manyan baƙaƙe, ka zagaya ta bayan layi ka tura shi ƙarƙashin gadonka. Za ta sayi na lantarkinta, ta sa maka albarka har ka ji kunya ta kama ka. A bakin ƙofa za ta riƙe hannunka ta ce: "Ƙanena, keken Inna ne fa, a kansa ta ɗinka mana kayan makaranta. Da ina da hali da ban rabu da shi ba. Allah dai Ya sa wanda ya saya ya riƙa sa masa mai." Ka ce amin. Wallahi wannan ta fi la'adar ciwo, domin mayar mata da shi na nufin faɗin gaskiya, kai kuma an riga an naɗa ka gwanin intanet na dangi. Kawu ma ya aiko da firijinsa.

Sanarwa

Marubucin wannan jagora ba shi da alhakin babur da ya salwanta, ko matar da ta daina ba da aron waya, ko ciwon bayan mai durƙusawa ƙarƙashin gado duk mako yana ɗiga wa keke mai. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa. In kuma Yaya ce ke karanta wannan, ban san marubucin ba, ban taɓa ganinsa ba, kuma don Allah in kin zo gidanmu ki tsaya a falo.