Ni Za a Koya wa Kumfa?

A unguwarmu a Tawa, ba mai ja da ni wajen tada kumfar shayi. Shi ya sa ranar da yayana zai tafi biki Affala, ya bar mini amanar kifayen teku da ya zo da su daga Abijan cikin akwatin gilashi, ban ji ko ɗar ba.

Ya nuna mini wata na'ura a jikin akwatin, mai tara kumfa cikin ɗan kofi. Ya fara bayani ke nan na katse shi. "Yaya, ni za a koya wa kumfa?"

Bayan tafiyarsa na leƙa kofin. Ƴar kumfa ce kaɗan, baƙa-baƙa, abin kunya. Na murɗa makunnin iska har ƙarshe, kumfa ta taso. Sannan na yi abin da kowane gwanin shayi ke yi: na cire kofin, na ɗaga hannu sama, na tsiyaya shi cikin akwatin. Sau uku.

Ruwa ya gurɓace, falon Yaya ya ɗau wari, kifaye suka taso sama suna buɗe baki. Matar Yaya ta kira shi, ta miƙo mini wayar ba tare da ta dube ni ba.

"Kofin nan kashin kifi yake tarawa," in ji shi a hankali. "Zubarwa ake yi."

Wuni muka yi muna sauya ruwan gishiri, kifayen suka sha da ƙyar. Amma har yau, in na miƙa shayi a fada, majalisar hirarmu, sai an shinshina kofin tukuna, wani ya ce, "Kumfa ta yi kyau, Malam. Ta wane kifi ce?"