Rasuwar Bavo, Babban Gogen Firmin

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kai a sunkuye, dattijo Firmin Vandewalle na birnin Gent ke sanar da rasuwar babban gogensa, Bavo, wanda ya shekara hamsin da biyu jingine tsakanin gwiwoyinsa.

Marigayin mai nauyin murya ne. In ya yi gurnaninsa, "wuuum", har kujerun baya sai sun amsa. Ya ɗauki waƙoƙin soyayya na mutanen da, ya kuma jure na zamani masu kama da faɗan kyanwoyi, bai taɓa ƙorafi ba. Shi da Firmin ba su ga ƙofar makarantar kiɗa ba. Da kunne suka koya, kuma masu takardar da suka yi musu dariya duk sun riga su kwanta dama.

Ya bar ƙananan goguna biyu na Lieven da Wannes, da matsakaici na Godelieve, abokan kiɗan Firmin. Da shi suke huɗu.

Ajali ya same shi ranar Lahadi da yamma a cocin unguwa. Irin wannan goge kan ƙusa ɗaya yake tsayawa, daɓen cocin kuwa dutse ne mai santsi. Kafin a fara kiɗa, Godelieve ta miƙo 'yar robar da ake sa wa ƙusa, ta ce, "Baba, sa masa takalmi." Firmin ya ce, "Yarinya, tun ba a haifi uwarki ba yake tsaye ba takalmi." Ana tsakiyar waƙa mai sanyi ƙusa ta zame. Kalmarsa ta ƙarshe ita ce "ƙarass". Wuya ya rabu da jiki a gaban mutum ɗari da ashirin.

An ji Firmin yana faɗa wa duk wanda ya tsaya cewa Madam Irma mai kula da cocin ce ta cika wa daɓe man sheƙi. Ƙarya ya yi. Matar nan ta yi kwana uku tana kuka, har ta ajiye makullanta. Yana roƙonta ta dawo ta ɗauka.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe goma a shagon mai gyaran goge, wanda ya duba ya girgiza kai. Ukun da suka rage za su ƙarasa waƙar, su bar gurbinsa shiru. Akwai kofi da burodi da cuku. Kujerar gaba ta Madam Irma ce, in ta yarda. Kada a kawo furanni. Za a rufe akwatinsa da 'yar robar nan a ciki, wadda tun ranar Lahadi take aljihun Firmin.