Juma'ar da Na Kasa Tashi Daga Katifar Yaya

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na tashi koya wa yayana yadda ake sauka daga katifa.

Lokacin da muka taso a Runka, zaɓen shimfiɗa ba aiki ba ne. Tabarmar kaba ce, in gida da hali a ɗora katifar rimi a kan gadon kara, ban kuma taɓa jin wanda ya tambayi taurinta ba. Yanzu ka shiga shago a Katsina sai ka tarar da ta soso, da mai sifirin (wato mai murɗaɗɗun wayoyin ƙarfe a ciki), da wadda aka haɗa biyun, kowace da irin taurinta. Ni kuwa gani nake ba wanda ya kai ni saninsu, don fataucin goro da fata ya kai ni Kumasi da Duwala da Hartum da Jidda, na kwana a gadaje iri-iri.

Da zaman Runka ya gagara saboda rashin tsaro, Yaya Mamman ya dawo Batsari da iyalinsa, ya bar gadonsa can. Wata uku yana kwana a tabarma a kan siminti, ciwon bayansa ya tashi. A asibiti aka ce ya samu katifa mai kyau wadda za ta riƙe masa baya. Yaya mutum ne da bai yarda a kama masa hannu ba ko a tsani, babban abin da yake tsoro shi ne ranar da zai kasa miƙewa ya yi alwala da kansa. Na ce a bar mini wannan.

Mai shagon da na je wurinsa a Katsina ya san aikinsa. Ya tambayi shekarun mai kwanciyar, da nauyinsa, da ko ta gefe yake kwanciya ko rigingine, da ko yana iya tashi shi kaɗai. Ya nuna mini wata mai sifirin a ƙasa da soso mai tauri a sama, ya ce ita ta dace da dattijo mai ciwon baya. Na danna ta da tafin hannu, na ce wannan ai benci ne. Na shiga ba shi labarin gadon wani masauki a Jidda, har ina jefa Turanci da Larabci (mutumin Bakatsine ne, Hausa yake yi mini tun da na shigo). Na zaɓi wadda ta fi kowace kauri da laushi. Ya ce in ɗan kwanta a kai tukuna. Na ce mai furfura irina ba ya miƙewa a shago mutane na wucewa.

Daga ranar da aka sauke ta na rasa sukuni. Yabo nake jira. In je da safe, in koma da la'asar, in tambayi yadda aka kwana, Yaya ya ce alhamdu lillahi ya kawo zancen damina. In dawo gida in kasa zama, in sake ƙirƙiro dalilin komawa.

Ran Juma'a bayan an sauko masallaci na tarar da ɗakinsa cike da masu dubiya. Cikinsu har da surukina Malam Lawal, mijin 'yata, tare da mahaifinsa. Yaya na zaune a tabarma, katifa na gefe an lulluɓe ta da zane kamar ba ta da mai ita. Na tambayi dalili. Matarsa Yaya Rabi, wadda wasan ƙanin miji bai taɓa barinmu mun zauna lafiya ba, ta amsa daga bakin ƙofa. Ta ce kwana uku ya yi a kai, kullum sai an kira maƙwabci ya ciro shi, sau biyu rana ta fito masa bai yi Asuba ba, shi ya hana a gaya mini.

Mai hankali da nan ya ba da haƙuri. Ni sai na ce laifin ba na katifa ba ne, rashin sabo ne, akwai yadda ake tashi a kan irinta a ƙasashen waje. Na tuɓe takalmi, na yaye zanen, na miƙe a kai da babbar rigata.

Ta haɗiye ni. Na juya gefe kamar yadda na yi bayani, na dafa gwiwar hannu, hannun ya nutse. Na yunƙura, sifirin ya mayar da ni tsakiya. Na sake yunƙurawa, rigar ta naɗe mini ƙafafu, hula ta gangara ta tsaya gaban mahaifin Malam Lawal. Shi Malam Lawal ya rasa inda zai sa ido. Ya taso kamar zai kama ni, kunya ta hana shi, ya juya yana karanta kalandar bango. Ina wutsil-wutsil da ƙafa, ina jin Yaya Rabi na cewa, "Mijina, da wane yare ake roƙonta ta saki mutum? Gwada mata Faransanci."

Wanda ya cece ni shi ne marar lafiyar. Yaya ya miƙo mini sandarsa daga inda yake zaune, ya ce, "Kama nan, Alhaji. Ni ma ranar farko haka na yi, sai dai ni ba a gaban suruki ba."

Washegari na ɗauki shatar mota, na sa Yaya a gaba, katifa a sama, muka koma Katsina. Mai shago ya jera wa Yaya katifu. Yaya ya kwanta a kan guda uku, kowace ya ɗan jima, ya juya, ya tashi. A kan wadda na kira benci ya miƙe ba tare da ya dafa kowa ba, ita muka ɗauko.

Na gane cewa yawan gadajen da mutum ya kwana a kai bai sa ya san bayan wani ba. Yaya yana tashi alwalarsa da kansa har yau, ni kuma na daina zaɓar wa kowa abin da ba jikina ne zai hau ba.