Idon Clifford Ma'auni Ne

"Ni idona ma'auni ne," in ji Clifford Dorland ranar da ya sauka tsibirinmu na Grand Manan. "Kallo ɗaya zan yi wa ruwa in gaya muku kifi nawa zai ɗauka." A tafkunan Ontario ya yi kiwon kifi, bai taɓa aikin teku ba, amma bakinsa ya fi injin jirginmu ƙara. Nan take muka laƙaba masa Sarkin Awo.

Arlene, mai gonar kifin salmon da muke wa aiki, tana neman wanda zai shugabanci sababbin kejin kiwon kifi da za a kafa a cikin teku. Ta ce in Clifford ya nuna gwaninta, kujerar tasa ce.

Ya tsaya bakin keji na huɗu yana ƙirga tsallen kifi. "Dubi yadda suke tashi, Madam. Wannan ya fi kowanne cika, ƙoshin lafiya ke ɗibarsu."

"Ƙwarƙwatar ruwa ke cizonsu, Clifford," in ji Arlene. "Ƙaiƙayi ne."

Gogan naka ya ce ai gwada mu yake yi. Arlene akwai haƙuri, ta ƙara masa dama: ya nemo inda za a kafa kejin, ya faɗi abin da wurin zai ɗauka.

Ni na kai shi a kwalekwale da hantsi, teku ta cika maƙil. Ya zaɓi wani lungu, ya zura igiya ya auna zurfi. "Ƙafa ashirin. Keji shida, kifi dubu ɗari." Ya ɗaure wa jar jarka dutse, ya jefa don alama.

Na ce, "Clifford, ka san fa ruwan nan yana..."

"Kai dai tuƙa, ɗan'uwa. Lissafi ba na kowa ba ne."

Na tuƙa. Na ɗan ji tausayinsa, amma ba sosai ba.

Ƙarfe huɗu na yamma ya ɗauko Arlene a mota, har da sabuwar hula. Kafin nan teku ta janye, kamar yadda take yi sau biyu kullum tun kafin a haifi kakana. Ga jarka zaune daram a kan taɓo, wani tsuntsu yana zagaya ta a ƙafa.

Clifford ya cire hular. "Da safe fa akwai ruwa a nan."

"Akwai, kuma zai dawo," in ji Arlene. "Kujera dai ka manta da ita. Amma tunda idonka ma'auni ne, duba mini: kifi dubu ɗarin nan, takalmin roba nawa za mu saya musu?"