Sunan da Ba a Faɗa a Waya

Ina wanke kofuna a shagona na gahawa da ke bakin kasuwar Balige, da hantsin Talata, Rugun, 'yar taubashiyata, ta kira ni daga asibiti a Medan. Ta ce, "Baba, Mama ta tafi." Na ce to. Na ajiye kofin a hankali, na zauna a kan buhun sukari.

Ta yi kukanta ta share, sannan ta ce wayar uwarta a kulle take. Lambobin dangin da za a sanar duk suna ciki, da muryar marigayi babanta da uwar ta adana shekara shida. Sun gwada ranar haihuwa, sun gwada sunan cocinsu, wayar ta ƙi.

"Ko ta taɓa faɗa maka kalmar?"

"Na san ta."

"To faɗa min, Baba."

"Ba zan iya ba. Ku jira ni, ina zuwa."

Shekara tara rabona da hanyar Medan, tun da matata ta rasu a can. Tun daga lokacin ban sake zuwa jana'izar kowa ba, sai dai in aika da gaisuwa. Kowa ya sani. Uwar Rugun ta fi kowa sani.

Ni Maruhum ne, ita kuwa Dameria sunanta, 'yar kawuna ce, taubashiyata, abin da muke kira pariban. Mahaifiyata ce ta raine ta bayan rasuwar tata uwar, kwano ɗaya muka ci. A al'ada ita ce matar da ta dace da ni, shi ya sa muka yi shekara sittin kowa na gode wa Allah a gaban ɗan'uwansa da abin bai yiwu ba.

Mako biyu da suka wuce ta zo ziyarar kaburbura, ta biyo ta shagona. Daga bakin ƙofa ta fara, da gaisuwarmu ta horas.

"Horas, mijin da na ƙi. Har yanzu ruwan wanke tukunya kake sayar wa mutane da sunan gahawa?"

"Horas, matar da aka tsare ni da ita. Wa ya buɗe miki ƙofa? Ko mutanen Medan ne suka fara share gari?"

"Ba ni kujera, Maruhum. Ba wadda ta girme ka ba."

Na ba ta. Ta daɗe kafin ta gama zama. Ta ciro waya daga cikin jaka, a naɗe da hankici kamar ƙwai.

"Daga shagon masu layin waya nake. Wai yanzu sai na nuna fuskata kafin su yarda layina nawa ne."

"Kin nuna? Na'urar na nan da rai?"

"Bara lambar katin shaida suka karɓa. Sannan lambar takardar iyali. Yanzu fuska. Baɗi sai su ce in kawo haƙorana a leda."

"Wannan da sauƙi, guda huɗu ne."

"Biyar. Kai ne ba ka iya ƙirga ba, tun muna aji biyu." Ta kurɓi gahawar ta yamutsa fuska. "Sun ce don a kare mu daga 'yan damfara ne. To tun da na ba su lambobin nan ɗan damfara ya fi Rugun sanin inda nake. Wani ya kira ni ran nan, ya faɗi cikakken sunana, ya faɗi unguwarmu, har lambar gida. Na ɗauka ɗan dangi ne, na fara tambayarsa mutanen gida."

"Me yake so?"

"Wai daga banki yake, in faɗa masa sunan mahaifiyata don ya tabbatar ni ce. Na ce ɗan wane ne kai? Ɗan wace kabila? A gidanku ana kama sunan uwa da baki? Na yi masa wa'azi har ya kashe waya."

"Kin ga amfanin tsiwa. Mutane na sayen kariya, ke da bakinki kawai."

"Su ma na bankin gaskiya haka suke tambaya. In na je, takarda nake karɓa in rubuta, in rufe da tafin hannu. Yarinyar ta ɗaga ta karanta da ƙarfi a gaban layi guda. Sirri ke nan wai."

"Ni shi ya sa wayata mai maɓalli ce. Ba ta san komai a kaina ba."

"Babu abin sani a kanka ne. Ko ɓarawo ya shiga rayuwarka barci zai ɗauke shi."

Na yi dariya. Na tura mata farantin lampet, wainar shinkafa da kwakwa da take so tun muna yara. Ta buɗe ganyen ayabar ta duba, ba ta ci ba.

"To na'urar ta karɓe ki?"

"Sau huɗu tana cewa ba ni ba ce. Tana gwada ni da hoton katina, tana cewa fuskar ba ɗaya ba."

"Ai ko ni na ce wannan ba ke ba ce, ta katin ta fi muni."

Ba ta rama ba. A lokacin na dube ta da kyau. Kumatun nan da nake tsokana tun muna tsallaka rafi zuwa makaranta babu su. Zobenta ta ɗaure shi da zare don kada ya zame.

"Me likita ya ce?"

"Abin da na'ura ta ce." Ta naɗe wayar. "Na gaji, pariban. Kowa na son ya san komai a kaina, ba wanda ya zo ya zauna."

"Ga ni a zaune."

"A shagonka. In na mutu ma kwandon gahawa za ka aiko, da gaisuwa a bakin direba."

"Ke ba za ki mutu ba. Can ma sai sun duba fuska, su maido ki."

Sai ta yi dariyar gaske, har da tari. Da ya lafa ta ce, "Rugun ta dame ni in ba ta kalmar buɗe wayar nan. Na ƙi. Ba ni da abin ɓoyewa, amma ina son abu ɗaya a duniya da ba a rubuta a wani ofis ba."

"In kin manta fa? Kan naki ya fara yoyo."

"Kai za ka tuna. Sunan Inna ne."

Inna, mahaifiyata. Mu biyu kaɗai muka rage da muka san sunan da aka raɗa mata. Jikoki da sunan kaka suka san ta, a kan kabarinta ma laƙabinta ne da na danginsu.

"Kin sa sunan uwata a cikin wannan abin?"

"Uwarmu. Kuma shi ne kaɗai abin da ba su sata ba, don ba wanda ya taɓa faɗinsa."

"To in an tambaye ni sai in aika a rubuce."

"Aika. Wani ƙato a ɗakin haya ya karanta shi da ƙarfi yana shan taba."

Ta zuba min ido tana murmushi, irin na ranar da ta cinye ni a tseren kwale-kwale.

"A waya ba za ka faɗa ba. A saƙo ba za ka rubuta ba. Sai dai ka zo da ƙafarka ka danna da yatsanka."

"Muguwa. Tarko kika haɗa min."

"Wata uku ina tunaninsa."

Motar Medan ta tsaya a bakin titi. Na ƙulle mata garin gahawa da sauran lampet ɗin a leda, na riƙe mata hannu har ta hau. Hannun ba nauyi. Ta leƙo ta taga.

"Ka sa riga mai kyau. Kada ka kunyata ni a gaban surukaina."

"Wa ya ce miki zan zo?"

"Za ka zo."

"Zan zo, pariban."